Babi na Shida: Ƙofofin Kalsiyam da Tafiyar Maniyyi a Cikin Teku

Bushiyar teku ba ta sanin mijinta, ba ta kuma sanin 'ya'yanta. Halitta ce dunƙulalliya wadda ƙayoyi suka rufe ta ko'ina, ba ta da ƙashin baya, tana rarrafe a kan duwatsun ƙarƙashin ruwa tana kankarar ciyawar teku. Ana samunta a gaɓar Kalifoniya da Japan da Bahar Maliya, har da duwatsun bakin tekun Ghana. Idan lokacin hayayyafa ya yi, namiji sai ya saki maniyyinsa cikin ruwa fari fat, macen da ke kusa ita ma ta zubo ƙwai miliyoyi. Daga nan iyaye sun sauke nauyin da ke kansu. Sauran aiki ya rage tsakanin ƙwayar maniyyi da ƙwai da igiyar ruwa.

Ba ita kaɗai ke yin haka ba. Tauraron teku da kawa da murjani da tsutsotsin ruwan gishiri masu yawa, duk a buɗaɗɗen ruwa suke haɗa iri. A babban tudun murjani na arewa maso gabashin Ostareliya, nau'o'in murjani fiye da 100 sukan saki ƙwai da maniyyi a 'yan dararen da ke bin cikar watan Oktoba ko Nuwamba, har fuskar ruwa ta sauya launi. Masana ba su ankara da wannan gangami ba sai a 1981.

Teku kuwa ba ya jiran kowa. A 1985 wani masani mai suna Timothy Pennington ya auna irin asarar da ake yi. Ya sa namijin bushiya ya saki maniyyi, ya jera ƙwai a tazara daban-daban a inda ruwa ke gangarawa. A cikin santimita 20 na farko, kashi 60 zuwa 95 cikin ɗari na ƙwan sun samu maniyyi. Da aka wuce nan sai adadin ya faɗi ƙasa da kashi 15. Ruwa yana tsinka maniyyi cikin ƙanƙanin lokaci, saboda haka duk ƙwayar da ta samu kanta kusa da ƙwai, to, ba ta da damar ɓata ko daƙiƙa guda.

Ita wannan ƙwaya ba ta da ido, ba ta da jijiya, ba ta da ƙwaƙwalwa. Ɗan kai ne da doguwar wutsiya, tsawonta duka wajen maikuromita 50, wato kusan kaurin silin gashi ɗaya. Maikuromita kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Amma ayyuka uku ke gabanta: ta farka ta fara iyo, ta gano inda ƙwai yake ta nufe shi, sannan ta huda rigarsa ta manne da shi. Biyu na ƙarshe sun rataya ne kacokan a kan wasu ƙananan ƙofofi da ke jikin fatarta, waɗanda ke barin sinadarin kalsiyam ya shigo daga ruwan teku a daidai lokacin da ake buƙata.

Abin da ya sa aka zaɓi kalsiyam

Yawancin mutane sun san kalsiyam a matsayin abin gina ƙashi da haƙori. Ɗaya aikin nasa, wato isar da umarni a cikin ƙwayar halitta, an fara gano shi ne a Landan a 1883. Likita Sydney Ringer yana gwaji da zuciyar kwaɗo da aka ciro aka tsoma a ruwan gishiri, tana ta bugawa sa'o'i. Daga baya ya gano cewa mai taimaka masa da ruwan famfo yake haɗa ruwan gishirin maimakon tataccen ruwa. Da aka koma ga tataccen, sai zuciyar ta daina bugawa da wuri. Abin da ke cikin ruwan famfon Landan wanda tataccen ruwa ya rasa shi ne kalsiyam. Har yau ɗaya daga cikin ruwan da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti yana ɗauke da sunan Ringer.

Sirrin yana cikin bambancin waje da ciki. Kowace lita ta ruwan teku tana da kalsiyam kimanin miligiram 400. A cikin ƙwayar maniyyi kuwa, kalsiyam da ke yawo a sake ya gaza na waje da kusan ninki 100,000. Ƙwayar ce da kanta ke kiyaye wannan rata, tana kashe makamashi dare da rana wajen fitar da duk wanda ya ɓuya ya shigo. Ƙofar kalsiyam furotin ce da ta ratsa fatar ƙwayar daga waje zuwa ciki, da ɗan rami a tsakiyarta. A rufe take zama. Wata takan buɗe idan cajin lantarkin fatar ya sauya, wata idan tsamin cikin ƙwayar ya ragu, wata kuma sai wani sinadari ya taɓa ta. Da ta buɗe, kalsiyam zai kwararo da kansa ba tare da an tura shi ba.

Wutsiyar maniyyi siririya ce ƙwarai, kaurinta bai kai rabin maikuromita ba. A wuri matsattse irin wannan, kalsiyam kaɗan ya isa ya cika ko'ina cikin ƙiftawar ido, kuma fitar da shi ba ya ɗaukar lokaci. Wannan ne ya sa ya dace da saƙon da ake so ya zo da sauri ya kuma gushe da sauri.

Farkawa

Bushiyar teku ta daɗe tana hidima ga masu bincike. A jikin ƙwanta ne Oscar Hertwig na Jamus ya ga haɗuwar cibiyar maniyyi da ta ƙwai a tsakiyar shekarun 1870, abin da ya tabbatar da yadda ciki ke samuwa a dabbobi. Ƙwan garau yake, ana ganin abin da ke faruwa a cikinsa, kuma samunsa ba wuya. Idan aka yi wa bushiya allurar ruwan gishirin fotasiyam, nan take za ta fara zubarwa. Maniyyin da aka kwasa ba a gauraya shi da ruwa ba yana iya kwanaki a cikin firiji yana nan lafiya, ba ya ko motsi.

Dalilin wannan kwanciya shi ne tsami. A cikin jikin namiji, ƙwayoyin maniyyi a cunkushe suke, iskar kabon da suke fitarwa ta taru, cikinsu ya tsaya wajen 7.2 a ma'aunin pH. Furotin da ke kaɗa wutsiya, wanda ake kira dainin, ba ya aiki a wannan mataki. Da an sako maniyyin cikin teku, iskar kabon ta watse, sodiyam na ruwan teku ya shiga yana musanya da sinadarin tsami, ma'aunin ya hau zuwa 7.5 ko 7.6. Wannan ɗan hawa kaɗai ya isa. Dainin ya fara ƙona makamashi, numfashin ƙwayar ya ninka har sau 50, wutsiya ta shiga kaɗawa sau 40 zuwa 50 a daƙiƙa ɗaya, ƙwayar ta kama gudun kusan maikuromita 200 a daƙiƙa.

Ke nan a bushiyar teku, raguwar tsami ce ke tada injin. Aikin kalsiyam shi ne tuƙi. An ga haka ƙarara a shekarun 1970, bayan Barbara da Ian Gibbons sun samo hanyar cire fatar maniyyi da wani irin ruwan sabulu, a bar ƙashin wutsiyar tsirara, sannan a zuba masa sinadarin makamashi na ATP ya ci gaba da iyo duk da cewa ƙwayar ta mutu. Charles Brokaw na Kalifoniya ya riƙa sauya yawan kalsiyam a ruwan da waɗannan wutsiyoyi ke ciki. Idan ya rage, wutsiya ta kaɗa daidai hagu da dama, tafiya ta miƙe. Idan ya ƙara, sai kaɗawar ta rinjaya gefe ɗaya, ƙwayar ta shiga zagaye. Ashe duk wanda ke riƙe da ƙofar kalsiyam shi ke riƙe da akalar tafiyar.

Kiran ƙwai

Tun wajen 1912 Frank Lillie, a cibiyar nazarin halittun teku ta Woods Hole da ke jihar Massachusetts a Amurka, ya lura cewa ruwan da ƙwai ya zauna a ciki yana zaburar da maniyyi yana tara shi wuri ɗaya. An yi kusan shekara 70 kafin a kama abin da ke cikin ruwan. A 1981 David Garbers da abokan aikinsa a Jami'ar Vanderbilt suka tace wani ɗan guntun furotin mai gaɓa 10 daga yauƙin da ke kewaye da ƙwan bushiya mai ruwan shunayya ta gaɓar Kalifoniya, suka sa masa suna speract. A 1984 aka samu ɗan'uwansa mai gaɓa 14 daga bushiyar Arbacia punctulata ta gabashin Amurka, shi ne resact.

Shekara guda bayan haka Gary Ward da Brokaw da Garbers da Victor Vacquier suka yi gwajin da ya raba gardama. Suka ɗiga resact da siririn bututun gilashi a cikin ruwan da maniyyin Arbacia ke iyo. Cikin 'yan daƙiƙu ƙwayoyin suka yi dafifi a wurin ɗigon. Suka maimaita a ruwan da aka cire wa kalsiyam. Maniyyin ya ci gaba da iyonsa, amma ko ɗaya bai juyo ba. Maniyyin wasu nau'o'in bushiya kuma bai kula da resact ba sam, domin kiran na 'yan gida ne kawai.

Abin da ke faruwa tsakanin taɓawar resact da juyawar wutsiya yana gudana ne cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya, shi ya sa ganinsa ya yi wuya. Tawagar Benjamin Kaupp daga Jamus, wadda ta riƙa zuwa Woods Hole lokacin bazarar can da bushiyar ke cike da iri, ta yi amfani da wata dabara. Suka ɗaure resact da wani sinadari da ke hana shi aiki har sai walƙiyar haske ta kwance shi, suka kuma cusa wa maniyyin rini mai ƙyalli idan ya haɗu da kalsiyam. Ta haka suka san daidai lokacin da kiran ya iso da lokacin da amsa ta fito. A 2003 suka bayyana cewa ƙwayar resact guda ɗaya tak ta isa ta sa kalsiyam ya shigo. Babu wata halitta da za ta iya jin abin da ya gaza haka.

Ga yadda saƙon ke bi. A jikin wutsiya ɗaya akwai masu karɓar resact wajen 300,000, don haka da wuya ƙwayar da ta taɓa wutsiyar ta kuɓuce. Mai karɓar da ya kama ta sai ya ƙera wani sinadarin aike a ciki, cGMP. Wannan ya buɗe ƙofar fotasiyam, fotasiyam ya fice, cajin cikin wutsiyar ya ƙara yin ƙasa. Faɗuwar cajin ta tada abu biyu a lokaci guda. Na farko mai musayar sodiyam da tsami, wanda ke ƙara rage tsamin ciki. Na biyu wata ƙofa da ke shigo da sodiyam ta maido da cajin sama. Ƙofar kalsiyam tana jiran waɗannan sharuɗɗa biyu su cika, tsami ya ragu kuma caji ya dawo yana hawa. Da sun cika ta buɗe, kalsiyam ya kwararo, wutsiya ta lanƙwasa gefe ɗaya, ƙwayar ta yi kwana. Nan da nan masu fitar da kalsiyam su share shi, wutsiya ta daidaita, a miƙe gaba.

To, yaya ƙwayar da ba ta gani ke sanin gabas da yamma? Ba ta iyo a miƙe tun asali. A buɗaɗɗen ruwa murɗawa take yi tana ci gaba, a kan gilashin na'urar hangen ƙananan halittu kuma zagaye take yi. A kowane zagaye, rabi yana kai ta kusa da ƙwai, rabi yana nisanta ta, saboda haka ƙarfin kiran yana hawa yana sauka a jikinta. Tana ƙirga abin da ya taɓa ta na ɗan lokaci, tsakanin kashi biyu zuwa shida cikin goma na daƙiƙa, ta amsa, ta goge lissafin, ta sake sabo. Kamar mai neman inda ake tuyar ƙosai ne cikin duhun asuba: muddin ƙamshi na ƙaruwa sai ya ci gaba, da ya ji ya fara raguwa sai ya juyo. A Meksiko, Adán Guerrero da tawagar Alberto Darszon sun nuna a 2010 cewa maniyyin bushiyar Lytechinus pictus yana danne shigowar kalsiyam lokacin da yake nufar tushen kiran, sai ya fara nisanta sannan ya sake shi ya yi kwana. A 2012 tawagar Kaupp ta ƙara da cewa ba yawan kalsiyam ne ke ƙayyade kaifin kwanar ba, saurin hawansa ne.

Wace ƙofa ce?

An shafe shekaru ana sanin aikin ƙofar ba a san ita kanta ba. Ƙwayar maniyyi ta yi ƙanƙanta da tauri ga bututun gilashin da ake manna wa ƙwayoyin halitta a auna wutar da ke ratsa ƙofofinsu. Masu bincike suka koma ga magunguna, suna gwada wanda zai toshe ta. Da yake wasu magungunan da ke toshe ƙofofin kalsiyam na zuciya da jijiyoyin jini suna rage amsar maniyyi, an daɗe ana zaton irin waɗancan ƙofofi ne.

Amsar ta ɓullo daga ɓera. A 2001 Dejian Ren da David Clapham a Boston suka gano wata ƙofa da babu ita a ko'ina cikin jiki sai a wutsiyar maniyyi, suka kira ta CatSper. Ɓeran da aka cire wa ita lafiyarsa ƙalau, yana barbara, yana yin maniyyi mai yawa mai motsi, amma ba ya haihuwa. Da aka kammala karanta kundin gadon bushiya mai ruwan shunayya a 2006, mai ɗauke da ƙwayoyin gado kusan 23,300, sai ga na CatSper a ciki. A 2015 Reinhard Seifert da abokan aikinsa a birnin Bon na Jamus suka tabbatar cewa furotin ɗin yana nan a wutsiyar maniyyin Arbacia, kuma shi ne ke shigo da kalsiyam idan resact ya yi kira. Suka kuma nuna cewa ɗan motsi kaɗan a ma'aunin tsami ya isa ya karkata ƙofar daga rufe zuwa buɗe.

CatSper tsohuwar ƙofa ce. Akwai ta a dangin murjani, waɗanda zuriyarsu ta rabu da tamu fiye da shekara miliyan 500 da suka wuce. Wasu halittu kuma sun rasa ta a hanya, kamar ƙudan 'ya'yan itace da ƙananan kifin nan masu zane da ake gwaji da su a ɗakunan bincike, sun koma ga wasu hanyoyi.

Kowane nau'i da irin kiransa. Tauraron teku na Japan yana aika guntun furotin mai gaɓa 34. Wani dodon koɗin teku na Kalifoniya yana sakin tiriftofan, wanda ke cikin abincin da mutum ke ci kullum. Akwai kuma Ciona, halitta mai laushi da baki biyu da ke manne wa ginshiƙan tashar jiragen ruwa. Maniyyinta kusan a kwance yake ko bayan ya shiga teku, sai ƙwai ya saki wani sinadari dangin kolestarol, wanda Manabu Yoshida da Masaaki Morisawa suka bayyana siffarsa a 2002. A nan kalsiyam ne ke tada tafiyar kuma shi ke tuƙa ta. A jikin Ciona ne tawagar Kazuo Inaba ta gano furotin kalaksin, wanda ke kama kalsiyam ya riƙe dainin ya rage masa gudu, abin da ke ba wutsiya damar ci gaba da lanƙwasa gefe ɗaya har kwanar ta cika.

Isowa bakin ƙwai

Aiki na uku, wato huda rigar ƙwai da manne masa, wata mata ce ta gano shi. Jean Clark Ba'amurkiya ce da ta yi karatu a Jami'ar Pennsylvania a ƙarƙashin Lewis Heilbrunn, malamin da ya dage tun ana yi masa kallon mai zuzutawa cewa kalsiyam ne ke bayan yawancin motsin ƙwayar halitta. A can ta haɗu da Katsuma Dan na Japan, suka yi aure, ta bi shi ƙasarsu, ta zauna har cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Cibiyar bincikensu ta Misaki, wadda aka kafa a 1886, sojojin ruwan Japan sun karɓe ta lokacin yaƙin. Da Japan ta sha kaye a 1945, Katsuma ya bar wa sojojin Amurka wasiƙa da hannunsa yana roƙon su lalata makamai amma su bar kayan bincike domin ɗalibai. Aka kuwa mayar musu da cibiyar.

A wannan cibiya ce Jean Dan ta ga abin da ya kuɓuce wa na gabanta. A 1952 ta bayyana cewa da kan maniyyi ya taɓa yauƙin ƙwai, wata 'yar jaka da ke goshinsa, akurosom, tana fashewa, wani siririn tsinke ya fito. A 1954 ta nuna cewa idan aka rage kalsiyam a ruwan, hakan ba ya faruwa ko da yauƙin yana nan.

Waɗanda suka biyo bayanta sun cike giɓin. Abin da ke tada fashewar wani dogon zaren sukari ne mai ɗauke da sinadarin farar wuta, kuma jerin inda farar wutar ta zauna a jikin zaren ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i, kamar yadda tawagar Paulo Mourão ta Rio de Janeiro ta nuna tare da Vacquier. Furotin da ke karɓar wannan zare a kan maniyyi, da aka karanta shi a 1996, sai aka ga yana da kama da furotin da ke lalacewa a cutar ƙodar gado mai sa ƙoda ta cika da ƙuraje masu ruwa. A 1989 kuma Agustín Guerrero da Darszon sun gano cewa ƙofofi biyu ne ke buɗewa bi da bi. Ta farko tana buɗewa nan take ta rufe, kuma magunguna irin su verapamil da dangin nifedipine, waɗanda masu hawan jini suka sani, suna toshe ta. Ta biyu tana biyo baya da kusan daƙiƙa biyar, ta daɗe a buɗe, waɗannan magunguna ba sa taɓa ta, amma ba ta buɗewa sai tsamin ciki ya ragu. Idan ɗaya ta gaza, jakar ba ta fashewa.

Kalsiyam ne ke haɗe fatar jakar da fatar kai har abin da ke ciki ya zubo ya narkar da hanya. Raguwar tsami kuma ita ke sakin furotin aktin ya jeru ya zama tsinken. A bushiya tsinken bai wuce maikuromita ɗaya ba. A gurjin teku na Thyone, wanda Lewis Tilney ya nazarta, yana kai maikuromita 90 cikin daƙiƙa 10, ya fi ƙwayar da ta fito da shi tsawo. Jikin tsinken bushiya a shafe yake da wani furotin mai danƙo, bindin, wanda Vacquier da Gary Moy suka tace a 1977, shi ke manne wa ƙwan nau'insa.

Wannan mataki ba a komawa baya a cikinsa. Ƙwayar da jakarta ta fashe tun ba ta isa ba, kalsiyam zai ci gaba da cika ta, cikin ɗan lokaci ta rasa ikon shiga ƙwai. Wadda kuma ta isa da jakarta a rufe, sai dai ta tsaya a waje.

Da ɗaya ta shiga, ƙwai ya karɓi aikin. Laurinda Jaffe ta nuna a 1976 cewa cikin daƙiƙa ɗaya zuwa uku cajin fatar ƙwan yana juyewa, ya hana na biyu shiga. Daga inda maniyyin ya taɓa kuma, igiyar kalsiyam da ƙwan ya ajiye a cikinsa ta tashi ta ratsa shi cikin kusan rabin minti, wata riga mai tauri ta ɗago ta kewaye shi, rayuwar ɗan tayi ta fara.

Daga teku zuwa asibiti

Maniyyin ɗan'adam ba ya iyo a teku, amma da ƙofa iri ɗaya yake aiki. A 2011 tawaga biyu, ɗaya a San Francisco ɗaya a Bon, suka wallafa a mujallar Nature cewa sinadarin furojestaron da ƙwayoyin da ke kewaye da ƙwan mace ke fitarwa yana buɗe CatSper ta mutum. Kalsiyam ɗin da ya shigo yana sauya kaɗawar wutsiya zuwa bugu mai ƙarfi, wanda da shi ne maniyyi ke ratsa rigar ƙwai. Kafin nan, a 2009, an samu iyalai biyu a Iran da mazansu ba sa haihuwa saboda tawaya a ƙwayar gadon wannan ƙofa.

A 2024 masu bincike a Jami'ar Münster ta Jamus suka gwada maza fiye da 2,000 da suka zo awon maniyyi. A cikin waɗanda ba su samu haihuwa ba alhali awonsu ya nuna yawa da siffa da motsi duk daidai, kusan ɗaya cikin 100 ƙofarsa ta CatSper ba ta aiki. Irin wannan namiji lafiyarsa ƙalau, takardar asibitinsa ma ta wanke shi, sai a juya ga matarsa da zargi da magunguna. Hanyar da ke yi wa irinsa aiki ita ce a cusa ƙwayar maniyyin cikin ƙwai kai tsaye da allura. Wani ɓangare na fahimtar da ta kai ga wannan gwaji an gina shi ne a kan maniyyin bushiyar teku.

Ruwan da ke sauyawa

Duk wannan tsari ya dogara ne da ruwan da ba na halittar ba. Sodiyam da kalsiyam da ma'aunin tsami, teku ne ke bayar da su, kuma tekun yana sauyawa. Yana shanye kusan rubu'in iskar kabon da mutane ke fitarwa, abin da ya sauke ma'aunin pH na saman ruwa daga wajen 8.2 zuwa 8.1 tun farkon zamanin masana'antu. A ido ƙaramin abu ne, amma yana nufin ƙaruwar tsami da kusan kashi 30 cikin ɗari. Ga ƙwayar da farkawarta da tuƙinta da fashewar jakarta duk suka rataya a kan fitar da tsami daga ciki zuwa waje, wannan ba ƙaramin lamari ba ne.

A 2008 Jon Havenhand da abokan aikinsa suka gwada wata bushiyar Ostareliya a ruwa mai pH 7.7, matakin da ake hasashen tekuna za su iya kaiwa a ƙarshen wannan ƙarni idan hayaƙi bai ragu ba. Gudun maniyyin ya ragu, adadin masu motsi ya ragu, haɗuwar iri ta faɗi da kusan rubu'i. A Japan an ga irin wannan kasala a maniyyin murjani. Wasu gwaje-gwajen a wasu nau'o'i ba su ga illa ba, har a cikin nau'i ɗaya ma wani namijin ya fi wani juriya. Abin da ya fito fili shi ne illar ta fi tsanani inda maniyyi ya riga ya yi ƙaranci, wato inda dabbobin suka ragu suka nisanci juna.

Tekun Karibiyan ya nuna abin da hakan ke jawowa. A 1983 da 1984 annoba ta kashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na bushiya mai dogayen ƙayoyi, Diadema antillarum. Da masu kankarar ciyawa suka ɓace, ciyawar ta rufe murjani a wurare irin su Jamaika. Shekaru da dama bayan nan bushiyar ba ta koma yawanta na da ba, kuma tazarar da ke tsakanin waɗanda suka tsira tana cikin dalilan da masana ke bayarwa.

Saurin jin jiki da maniyyin bushiya ke da shi ya sa ya zama ma'auni. Hukumar kare muhalli ta Amurka tana da gwaji na doka da ake yi da Arbacia punctulata domin auna gubar ruwan da masana'antu da magudanan birane ke zubarwa a teku. Ana barin maniyyin cikin ruwan da ake tuhuma na sa'a ɗaya, a zuba ƙwai, a jira minti 20, sannan a ƙirga ƙwai nawa ne suka ɗago rigarsu. Idan adadin ya gaza na ruwa mai tsabta, an samu shaidar guba a ruwan.